Mawaƙin Da Bashi Ya Sayi Bakinsa



A shekarar 2007 hukumar tace finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da ɗaukar fim na wata shida, 'yan fim da mawaƙa da dama suka kwararo Kaduna suna kukan an tauye musu 'yanci. To ni a ganina akwai abin da ya fi kowace hukuma iya ɗaure bakin mai fasaha, shi ne bashi.

A nan Unguwar Kanawa na san wani matashi da Allah Ya hore wa murya, ya fara da waƙoƙin yabon Annabi (SAW) da na faɗakarwa. Sai ya ci bashi ya shiga situdiyo, ya ƙara wani ya sayi mota don kada a raina shi a wajen biki. Da zaɓen 2023 ya zo, wani ɗan siyasa ya biya masa bashin, shi kuma ya biya ɗan siyasar da waƙar cin mutuncin dattawa. Yau a masallaci ba ya iya haɗa ido da waɗanda ya zaga.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. A zamanin kaset da faifai, furodusa yakan karɓi kuɗin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, sai ya cika fim da rawa da waƙa domin mai kuɗi ya ce su ake saye. Wanda ya ba ka rance, shi ke zaɓa maka abin da za ka faɗa.

Wani zai ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, Musulunci bai hana rance ba. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ƙi sallatar wani mamaci har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashinsa. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. To ina ga bashin da aka ci don burga?

Mu ma masu sauraro da laifinmu, domin mu ke yi wa mawaƙi dariya in mun gan shi a kan acaɓa. Ɗan'uwa mai fasaha, ka hau acaɓarka da mutuncinka, ya fi maka motar da za ka biya da harshenka.

Allah Ya biya wa duk mai bashi bashinsa, amin.