A Buɗe Tsofaffin Gidaje, Mutane Su Shiga

Ɗan'uwa mai karatu, ranar da ka shiga Tasawa ko Mayahi cin kasuwa, ka ɗaga ido ka duba. Za ka ga tsofaffin gine-ginen hukuma a rufe da kwaɗo. Wasu tun zamanin Nasara suke. Wasu mangazar gyaɗa ne da aka bari bayan farin 1973. Jemage da ƙadangare ne ke kwana ciki.

Kai kuma ka san wanda ba shi da wurin kwana. A daminar 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi. Cikin ɗalibaina na yaƙi da jahilci akwai wata bazawara mai ƴaƴa huɗu. Ɗakinta ya faɗi, ta yi watanni tana raɓe a zauren maƙwabta. Kullum in za ta zo aji, sai ta wuce ta gaban wani gida mai ɗakuna shida, ba kowa ciki.

Wasu na cewa gidan Nasara ne, a rushe, a sayar da filin. Wa ya kwaɓa ƙasar? Wa ya ɗauko azara a ka? Tasawa ce mazaunin kwamanda har 1927, da aka mai da shi Maraɗi. Kakanninmu suka yi irin wannan gini, da aikin dole, ba ko dala. Sai a 1946 aka soke aikin dole. Guminsu ne ke cikin bangon nan. In an sayar da filin, mai kuɗi ɗaya ne zai ci.

Kuma gini ba ya jira. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi bayan ruwan sama, alhali masallaci ne da aka saba salla cikinsa. To, ina ga wanda ba mai yi masa yaɓe, ba mai share indararo? Mutanen Agadas ba su bar fadar Kawusan ta zama kango ba. Sun mai da ita masaukin baƙi.

Abin da nake so shi ne a gyara, a raba ɗakuna, amma kada a ba manyan ma'aikata kaɗai. Malamin lakkol da ma'aikacin likita su biya haya cikakkiya. Bazawara da mai ga-ruwa su biya kaɗan. Kuɗin a tara su don yaɓe kafin kowace damina. Kada wani ya ce mai albashi ba ya zama da talaka. A gidan attajiri na dā, shi da baransa da baƙonsa zaure ɗaya suke shiga.

Yanzu ka iya rubutu. Ku taru a aji, ku ƙirga gidajen da ke rufe a garinku, ku rubuta inda kowane yake da yawan ɗakunansa. Ku kai wa mai gari, ya raka ku wurin hukuma. Ku riƙe takarda ɗaya a hannunku, da kwanan wata a kanta.