Ba sanyi ke kashe wayar direba a Lome ba

Motocin hannu da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Lome, waɗanda aka loda a Anvers bayan an tattaro su daga garejojin Brussels da garuruwan Jamus, da yawansu suna zuwa da wani zagayayyen tabo a gilashin gaba. Wurin da tsohon mai motar ya manna na'urar nuna hanya ke nan. Wani lokaci ma na'urar tana nan kwance a akwatin gaba, TomTom ko Garmin, cike da taswirar Beljiyam da Holan, ba ta san Tsévié ba balle Cinkassé. Yaran gareji kan jefar da ita su riƙe mariƙinta, wato robar nan mai tsotse gilashi, don a ɗaura waya a kai. Yau waya ce taswirar kowa.

Sana'ata gyaran wutar mota ce, a nan Kégué, ba nisa da filin ƙwallo. Abin da zan faɗa daga bakin aiki na samo shi: wurin da direba ke ɗaura wayarsa maganar rai ce, kuma kayan ɗaurin da muke saye, da shawarwarin da ke biyo su, don wata ƙasa aka yi su, ba don tamu ba.

Bature sanyi yake tsoro, kuma da gaskiyarsa. Idan ma'auni ya sauka ƙasa da sifili, batirin lithium yakan yi rauni, na'ura ta mutu alhali tana nuna da sauran caji. Yi masa caji a cikin wannan daskarewar yana lalata shi har abada. Allon ma yakan yi nawa, robar manne ta sandare ta saki gilashi. Shi ya sa ake ce musu kada su bar na'ura ta kwana a mota, su ɗumama gilashi kafin su manna, su kuma guji saƙala ta a bakin iskar mota, domin a lokacin sanyi zafi ne ke hurowa daga nan.

Wani matashin direba ya zo mini da wannan karatun a kansa. Ya ce, "Baba, an ce sanyin hunturu na cinye batir, shi ya sa nake barin wayar a kan dashbod ta sha rana." Na ce masa, "Ɗana, wane sanyin? Na Lome?" A nan bakin teku, asubahin Janairu da ke sa mu neman rigar sanyi da kyar yake sauka ƙasa da digiri 20. A Dapaong ya fi haka cizo, a Agadez dare kan kusanci digiri 10. Duk wannan bai kai inda batir ke wahala ba. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa wayarsa tana aiki lafiya tsakanin digiri 0 da 35. Ƙasan wannan iyaka ba ma taɓa shi a kan hanyoyinmu. Samanta kuwa, a watan Maris da Afrilu, iskar waje kaɗai tana ƙetare shi daga Mango zuwa arewa, ba a ma zo maganar cikin mota ba. Dashbod ɗin motar da aka ajiye a rana yakan haura digiri 60. A nan yaron yake shanya wayarsa.

Ku lura da abin da waya ke ciki idan tana nuna hanya. Allo a kunne yake da cikakken haske don a iya gani da rana, tana sauraron tauraron ɗan'adam, tana jan intanet, ga caji a jone. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zafi yake haifarwa. Sai kuma a manna ta a gilashi, rana na dukan bayanta tun daga Atakpamé har Sokodé. Da farko haske zai ragu, sannan caji ya tsaya, sannan ta kashe kanta da gargaɗi. Bayan watanni sai ka ga murfin baya ya ɗago, batir ya kumbura. Masu gyaran waya na Dékon sun fi ni sanin yawan irin waɗannan.

Ban ce hunturu ba shi da laifi ba. Lokacinsa ne robar manne ta fi faɗuwa, amma ta wata hanya dabam. Robar tana riƙe ne muddin iska ba ta shiga tsakaninta da gilashi ba. Ƙurar hunturu mai laushi takan kwanta a gilashi ta ciki, ta buɗe wa iska ƙofa. Rana ta gasa robar har ta bushe, sanyin asuba ya taurara ta, gobe a maimaita. Direba ya tofa mata yawu ya sake mannawa, yawun ya haɗu da ƙura ya zama taɓo. Sai a shiga rami ɗaya, waya ta faɗo ƙarƙashin ƙafa, tsakanin birki da totur, mutum ya sunkuya nema yana kan gudu. Wannan sunkuyawar ita ce abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Asarar waya ana mayar da ita.

Akwai tsofaffin direbobi, abokan hirata a tashar manyan motoci ta Terminal du Sahel da ke Togblékopé, da ke cewa duk wannan shirme ne, direban ƙwarai hanya tana kansa. A kan babbar hanya ta ɗaya, daga Lome zuwa iyakar Burkina, fiye da kilomita 600, ba na musu da su. Wanda ya hau tsaunin Aledjo da tirela tun kafin a yi hanyar kewaye ba ya buƙatar wata murya ta ce masa ya karya dama. Kuma tun 2023, da kayan Nijar suka koma bi ta Lome da Burkina cikin ayari da rakiyar soja, ba taswira ke zaɓen hanya ba. Waya ta san gajeriyar hanya, ba ta san wadda aka tare jiya ba. Amma a cikin gari labari ya sake. Lome ta bazu. Tun da aka tashi tsohon Zango daga tsakiyar gari a 1977 aka mayar da mutanenmu arewa, unguwanni ke ta tsirowa, kuma kwatancenmu har yau shi ne "bayan masallaci, kwana ta biyu, gida mai jan ƙyaure". Fasinja yanzu ba ya kwatance, wurin da yake tsaye yake turowa ta WhatsApp. Tun da kamfanin Gozem, mai raba wa direbobi fasinja ta waya, ya fara aiki a nan a 2018, ɗan zemijan, wato mai babur ɗin haya, da mai tasi da yawa ta waya suke samun abincinsu. Ce musu su ajiye ta a aljihu daidai yake da ce musu su zauna a gida. Tunda dole ne a ɗaura ta, sai a yi maganar inda za a ɗaura.

Ni ra'ayina, a raba ta da gilashi gaba ɗaya. Ko a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda tituna suke sumul, doka tun 2009 ba ta yarda a manna na'urar nuna hanya a gilashin gaba ba sai a kusurwoyin ƙasa, cikin ɗan fili ƙayyadadde. Mu da babur ke fitowa daga kowane lungu, da yara masu talla a bakin kwalta, mun fi su buƙatar kowane taƙi na gilashin nan. Waya mai faɗin tafin hannu, a kusa da ido, tana iya ɓoye mutum sukutum a nesa.

Wurin da ya dace shi ne ƙasa da layin gilashi, dama da sitiyari, kusa da rediyo, inda inuwar dashbod ke sauka kuma ido zai kai ya dawo cikin ƙiftawa. Abin da aka hana Bature, wato saƙalawa a bakin iska, mu alheri ne gare mu idan na'urar sanyaya mota tana aiki, don sanyi za ta riƙa hura wa wayar. Matsalar ita ce yawancin tasinmu rabonsu da sanyi tun a Turai, kuma haƙoran bakin iskar sun tsufa, nauyi kaɗan ke karya su.

Saboda haka na fi yarda da aikin mai walda na unguwa a kan abin da ake zubawa a tire a kasuwar Assigamé. Ɗan falalen ƙarfe ne za a lanƙwasa, a ɗaure shi da kusoshin da suka riga suka riƙe rediyo, a goge bakinsa kada ya yi kaifi, a naɗe wurin kama wayar da robar tsohon tiyub don ta sha girgiza. A bar bayan wayar a buɗe iska ta ratsa. Ba ya faɗuwa, ba ruwansa da ƙura, ba ruwansa da asubahin Janairu. Amma akwai sharaɗi biyu da nake faɗa wa kowane mai walda da babbar murya. Kada ya huda dashbod da makanta, don wayoyin wuta na bi ta ƙarƙashi. Kada kuma ya kuskura ya ɗora komai a kan murfin jakar iska, wadda ke tsakiyar sitiyari da wadda ke gaban fasinja. Jakar nan tana fitowa da gudun da zai iya kaiwa kilomita 300 a awa. Duk abin da aka ɗaura a kanta, fuskar mutum zai nufa. Na ga motar da aka kafe mariƙin ƙarfe da kusoshi huɗu daidai kan rubutun da ke nuna jakar, mai motar yana ta yabon ƙarfin aikin.

'Yan babur nasu ya ɗan bambanta. A 2021 Apple ya yi gargaɗi cewa girgizar injin babur tana iya lalata kyamarar waya idan an ɗaure ta kai tsaye a kan ƙarfe. Roba a tsakani ba ado ba ce. Jakar leda mai rufi da suke sa wayar don ruwan sama kuwa, da rani tanda ce, a cire ta idan damina ta wuce.

Caja ma a kula da ita. Ƙaramar mota volt 12 take bayarwa, babbar mota 24. Yaron mota ya ciro caja daga tasi ya soka a tirela, in ba mai ɗaukar duka biyun ba ce, hayaƙi zai gani. Wanda zai yi doguwar tafiya ya sauke taswirar yankin a wayarsa tun yana gida. Tauraron ɗan'adam ba ya neman kuɗin intanet, taswirar ce ke nema, kuma wayar da ba ta fafutukar neman layi a daji ta fi zama da sanyi.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Masu binciken lafiyar mota suna duba birki da fitila da taya, su ƙara duba inda aka ɗaura waya: in tana tsakiyar gilashi ko kan jakar iska, a ce a sauya kafin a ba da takarda. Shugabannin tasha da kamfanonin da ke raba wa direbobi fasinja ta waya su zauna da masu waldarmu a fitar da samfuri biyu ko uku da suka dace da motocin da suka fi yawa a titi, irin su Corolla da Avensis da tsofaffin Opel, a gwada su a kan hanyar ƙasa a watan Afrilu, a sa musu farashin da mai tasi zai iya biya daga cinikin yini ɗaya.