Zancen Wata: Ƙurar Da Ke Bin Mutum Har Gida

Zancenmu na wannan wata zai kai mu nesa, har Afirka ta Kudu, wurin masu haƙar zinariya. Amma wanda ya ke da ɗa, ko miji, ko ƙane a bakin ramin haƙa, kada ya ce zancen bai shafe shi ba. Ya yi haƙuri ya biyo mu, za mu komo gida kafin mu rufe.

Ran 10 ga Mayu, 1995, a wata mahaƙar zinariya da a ke kira Vaal Reefs, ma'aikata suna cikin babban kejin ƙarfe mai hawa biyu, wanda ke sauka da mutane cikin rami ya kuma hau da su. Sai wani ƙaramin kan jirgin ƙasa, irin wanda ke jan kaya a can ƙarƙashin ƙasa, ya ƙwace, ya faɗo cikin ramin, ya auka kan kejin. Mutum 104 suka mutu nan take. Kafin wannan, a 1986, wuta ta kama a mahaƙar Kinross, hayaƙi mai guba ya kashe mutum 177. A 1960 kuma mahaƙar kwal ta Coalbrook ta rufta da mutane fiye da 430, ba a kuwa fito da gawawwakinsu ba. Irin waɗannan masifu duniya duka ta kan ji. A kan ƙidaya matattu, a rubuta sunayensu, a kafa kwamitin bincike.

To, a cikin wannan shekara ta 1995, wani lebura mai suna Thembekile Mankayi ya bar aiki a wannan mahaƙa ta Vaal Reefs. Tun 1979 ya ke shiga ramin, shekara 16 ke nan. Dutse bai danne shi ba, keji bai faɗi da shi ba. Da ƙafafunsa ya fito, ya koma gida. Ashe abin da zai kashe shi yana cikin ƙirjinsa, ya tafi da shi. Ba jaridar da ta buga labarinsa a ranar, gama ba abin da ido ya gani. Labarin irin su Mankayi mu ke so mu ba ku, domin sun fi waɗanda rami ya rufta da su yawa nesa ba kusa ba.

Ga yadda abin ya ke. Zinariyar ƙasar nan tana cikin wani dutse mai tauri ƙwarai, wanda yawancinsa wani abu ne da masana ke kira silika, watau abin da ke cikin yashi. Kafin a sami zinariya sai an huda dutsen da inji, an sa nakiya an fasa shi, an kwashe, an niƙa. Kowane ɗaya cikin ayyukan nan yana ta da ƙura. Mu dai mun saba da ƙura, kowace shekara hunturu yana kawo mana ita, shi ya sa in an ce ƙura tana kisa sai mutum ya yi dariya. Amma ƙurar da ido ke gani, yawancinta gashin hanci da majina ke tare ta, mu fyace ko mu yi kaki, ta fita. Wadda ke ɓarna ita ce wadda ido ba ya gani. Ƙwayarta ɗaya ta fi silin gashin kai siranta sau goma ko fiye. Ba abin da ke tare ta, sai ta zarce har ƙarshen huhu, cikin 'yan ƙananan jakunkunan da iska ke ratsawa ta shiga jini.

A can akwai waɗansu 'yan ƙwayoyin halitta, aikinsu shara ne. Duk baƙon abin da ya shigo sai su haɗiye shi su narkar. Amma dutse ba ya narkewa. Su haɗiye shi, ya kashe su, ya fito yadda ya ke, waɗansu su sāke haɗiyewa, su ma su mutu. Inda a ke wannan kokawa sai tabo ya fito, kamar yadda miki ke barin tabo a fata. Yau ɗaya, gobe ɗaya, har huhun da ya ke da taushi kamar soso ya soma ƙandarewa kamar ƙirgi. Wannan ciwo shi likitoci ke kira silikosis. Mu kira shi ciwon ƙurar dutse.

Abu biyu ne suka sa ciwon nan ya ke da ban tsoro. Na fari, ba ya gaggawa. Sau da yawa sai bayan shekara 10, ko 20, sa'an nan mutum zai soma jin haki in ya hau tudu, ga tari, ga gajiya, ga rama. Ko da ya bar aikin, ƙurar da ta riga ta shiga ba ta fita, tabon kuwa yana iya ci gaba da yaɗuwa. Na biyu, ba shi da magani. Likita yana iya sauƙaƙa wa mutum wahala, amma ba mai mai da tabo ya koma huhu. Har wa yau, huhun da ƙura ta ci ya zama gidan tarin fuka. Mai ciwon ƙurar dutse ya fi mai lafiya saurin kamuwa da tarin fuka kamar sau uku. Shi kuwa tarin fuka yana yaɗuwa. Ta haka ciwon da aka ɗauko a rami ya kan isa kan matar da ba ta taɓa ganin bakin rami ba, da jaririn da ke bayanta.

Kada mu ce masu mahaƙan ba su sani ba. An gano zinariya a wurin a 1886, inda birnin Johannesburg ya ke yanzu. Ba a daɗe ba Turawan da suka zo daga Ingila suna aiki da injin huda dutse suka soma mutuwa da ƙuruciyarsu, da yawa bayan sun koma garuruwansu. A 1902 aka kafa kwamitin binciken ciwon. Kafin yaƙin duniya na fari an riga an yi dokar biyan diyya saboda shi, an kuma san cewa in an zuba ruwa inda a ke huda dutse, ƙura ta kan kwanta. A 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi babban taronta na fari a kan wannan ciwo, a Johannesburg ɗin aka yi shi. Sani dai akwai shi tun zamanin kakanninmu.

Abin da ya faru shi ne, ba kowa wannan sani ya amfana ba. Turawan da ke aikin suna zaune a gari da iyalinsu, ana duba ƙirjinsu a kai a kai, wanda ya kamu a biya shi. Yawancin masu shiga rami kuwa baƙar fata ne, 'yan ci-rani, waɗanda a ke ɗebowa daga ƙauyukan ƙasar, da Lesoto, da Mozambik, da Malawi, da Botswana, da Suwazilan wadda yanzu a ke kira Eswatini. A kan ɗauke su aiki na 'yan watanni ko shekara ɗaya ko biyu, a tara su a barikin maza zalla, da yawa a ɗaki guda. In wa'adi ya cika, ko mutum ya soma tari, sai a sallame shi ya koma ƙauyensu. Can ciwon zai bayyana, inda ba na'urar ɗaukar hoton ƙirji, ba likitan da ya san irin aikin da ya yi. In ya mutu a ce tari ne, ko a ce sammu aka yi masa. A littafin kamfani kuwa an rubuta ya bar aiki lafiya. Diyyar baƙar fata ma, in har an biya, ba ta kama ƙafar ta Bature ba. Sai a 1993 aka cire bambancin launin fata daga dokar.

A ganinmu nan ne zaluncin ya ke. Kamfani ya ci ƙarfin mutum sa'ad da ya ke da shi, jinya kuwa ta faɗa kan matarsa. Ita za ta yi noma, ita za ta sayar da akuya ta sayi magani, ita za ta fitar da yaro daga makaranta domin ba kuɗi. Daga baya, da leburori suka riƙa daɗewa a aikin shekara da shekaru, ciwon ya ƙara yawa. Wani bincike da aka buga a 2004 ya nuna cewa cikin baƙaƙen ma'aikata da suka daɗe a ramin zinariya, kusan ɗaya cikin biyar yana da shi.

Mu komo kan Mankayi. Da aka tabbatar ƙura ta lalata masa huhu, hukumar diyya ta ba shi rand 16,320. Kuɗin shekara 16 a rami ke nan, da sauran ransa. A 2006, da taimakon wani lauya mai suna Richard Spoor, ya kai kamfanin AngloGold Ashanti ƙara, yana neman kamar rand miliyan 2.6. Kamfanin ya ce doka ta hana ma'aikaci ya yi ƙarar ubangidansa a kan ciwon aiki, sai dai ya karɓi abin da hukuma ta ba shi. Kotu ta fari ta yarda da kamfani, kotun ɗaukaka ƙara ma haka. Bai fasa ba, ya tafi Kotun Tsarin Mulki, wadda ba ta da ta sama. A watan Maris 2011 alƙalai suka ce yana da ikon yin ƙara. Amma Mankayi bai ji hukuncin ba. Saura kamar mako guda a karanta shi ya rasu.

Ƙofar da ya buɗe, dubbai suka bi ta cikinta. A 2016 babbar kotun Johannesburg ta yarda tsofaffin ma'aikata su haɗa kai su yi ƙara gaba ɗaya. A 2018 manyan kamfanoni shida suka yarda su biya rand biliyan 5, kotu ta sa hannu a 2019, aka kafa wani asusu mai suna Tshiamiso domin rabon kuɗin ga waɗanda suka yi aiki tsakanin 1965 da 2019, ko magadansu. Abin ya yi kyau. Sai dai biyan ya yi ta jan ƙafa, gama tilas mutum ya nuna shaidar ya yi aiki a mahaƙar, a kuma gwada huhunsa. Dattijon da ya bar aiki shekara talatin da suka wuce, ina takardunsa? Gwauruwar da aka binne mijinta a ƙauye ba tare da takardar likita ba, da me za ta nuna abin da ya kashe shi?

Yanzu mu dawo gida, kamar yadda muka yi alkawari. Samarinmu da yawa suna haƙar zinariya a Zamfara da jihar Neja da waɗansu wurare, ga kuma masu fasa dutse a bakin garuruwanmu. Dutsen da su ke fasawa yana da silika, huhunsu kuwa irin na Mankayi ne. Bambancin shi ne, su ba kamfanin da za su kai ƙara. Mun ga abin da ƙurar ma'adini ta yi a Zamfara a 2010, sa'ad da aka riƙa kawo dutse cikin gari ana niƙa shi a bushe da injin niƙan hatsi, ana daka shi a tsakar gida. Gubar dalma da ke cikin ƙurar ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta. A 2015 aka sāke ganin haka a jihar Neja. Dalma ta nuna kanta da sauri domin yara ta kama. Silikar da iyayensu maza suka shaƙa daga wannan niƙa tana nan a ƙirjinsu, ba ta gaggawa. Wanda kuwa ke tsaye kan injin niƙa a bushe, inda ƙura ta yi kauri, ciwon yana iya kama shi cikin 'yan shekaru kaɗan.

Maganin ƙura dai tun dā ruwa ne. A wani gwaji da aka yi tare da ƙungiyar likitoci ta MSF a ƙauyukan masu haƙa na jihar Neja, an sa 'yan bututu masu fesa ruwa a bakin injin niƙa, ƙurar silika ta ragu da kamar kashi 80 cikin 100. Tsumma ko rawani da a ke ɗaurawa a hanci yana tare ƙurar da ido ke gani ne kawai, ƙaramar tana wucewa abinta. Ko takunkumi na gaske ma, da zafi ya matsa sai ka ga an sauke shi a wuya. Saboda haka gara a kashe ƙurar tun a bakin inji. Kada a kawo dutse ko niƙa cikin gida, kayan aiki kuma a tuɓe su a wanke a can, a yi wanka kafin a ɗauki yaro.

Ku kuma uwaye da matan aure, in naku ya komo daga haƙa yana tari har mako biyu, ko yana zufar dare, ko yana ramewa, kada a tsaya ga jiƙo. A kai shi asibiti a gwada majinarsa. Tarin fuka yana warkewa in an sha magani wata shida ba fashi, a Nijeriya kuwa kyauta a ke ba da shi a asibitocin gwamnati. In kun shiga wurin likita, ko bai tambaya ba, ku faɗa masa aikin da mutumin ya yi, da shekara nawa ya yi, ko da ya bari tun tuni, gama a hoton ƙirji ciwon ƙura da tarin fuka su kan yi kama da juna. Wanda kuma ke aiki a ƙarƙashin kamfani, a adana masa katin aiki, da takardar albashi, da duk wata takardar asibiti, a sa cikin leda a ajiye a ƙasan akwati inda gara ba za ta kai ba.