Kafin mu danna wa shafin wani "sinyale"

Duk mai waya a New Bell ya san irin saƙon nan. Yakan faɗo cikin zauren WhatsApp na unguwa ko na 'yan kasuwa, da hoton wani, an rubuta a ƙasa: "Jama'a, don Allah kowa ya sinyale wannan shafin, ya zagi namu." Sinyale, wato kai ƙarar shafi wurin Facebook ko TikTok don a rufe shi. Kafin la'asar mutane da dama sun danna, kuma kaɗan ne cikinsu suka buɗe shafin suka ga abin da aka ce an rubuta.

A nan Duwala ƙwallo na cikin abubuwan da ke haifar da wannan. Samuel Eto'o a New Bell ya tashi, kuma tun da aka zaɓe shi shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru a Disambar 2021, masoyansa da masu sukarsa suka ja daga a intanet. Saɓaninsa da koci Marc Brys a 2024 ya ƙara rura wutar. Ba mu da ta cewa a kan wane ne mai gaskiya. Ɗabi'ar ce ta dame mu, domin ita ce dai muke gani wurin masoya taurarin Kannywood, har ma, abin takaici, wurin ɗaliban malamai idan aka yi wa shehinsu raddi.

Ba kowane kira ne na sharri ba. Idan wani ya buɗe shafi da sunan wani Alhaji da hotonsa yana karɓar kuɗin mutane ta Orange Money, ko yana yaɗa hotunan 'yar mutane don ya tozarta ta, kai ƙararsa taimako ne, kuma wanda ya sanar da jama'a ya kyauta. Irin wannan kiran yana da alama: yakan nuna maka abin da ido, ya faɗi laifin da sunansa, ya bar ka ka duba da kanka.

Ɗayan kuwa ba ya son ka duba. Gaggawa yake sa ka, "yanzu-yanzu, kafin ya goge". Laifin da yake ambata shi ne an taɓa gwaninmu, ba an cuci wani ba. Babbar alamar kuma ita ce ya zaɓa maka dalilin da za ka danna: "ku ce shafin bogi ne," ko "ku ce tsiraici yake sawa." Ya san sukar shugaban ƙwallo ko raddi ga malami ba su saɓa dokar kamfanin ba, shi ya sa yake neman a laƙa wa mutumin laifin da bai yi ba. A nan ne maganar ta bar hannun ƙwallo ta shigo namu. Wanda ya danna "shafin bogi" alhali ya san mai shafin, ya san shagonsa, watakila ma sahu ɗaya suke bi a masallaci, ya ba da shaida ne a kan abin da ya san ƙarya ne. Sunan wannan a wurinmu shaidar zur, ko da yatsa aka yi ta ba da baki ba.

Kada mu ɗauka wasan yara ne. A Afrilun 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sanar da cire shafuka kusan 200 da ake sarrafawa daga Rasha, waɗanda aikinsu shi ne kai ƙarar ƙarya a kan mutane, akasari mutanen Yukiren da Rasha, don a rufe musu baki. A ina suke shirya abin? A cikin wani zaure da aka buɗe da sunan girke-girke. Kafin nan, a Disambar 2021, an cire irinsu a Biyetnam. Ke nan mai taron dangi ma shafinsa na iya tafiya.

Facebook na cewa yawan ƙara ba shi ke sa a cire rubutu ba, sai in ya saɓa doka. To, amma wa ke dubawar? Takardun da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna raunin kamfanin wajen tace harsunan da ba Turanci ba. Balle Hausar New Bell, wadda jimla ɗaya za ta ɗauko Faransanci da Fulatanci ta haɗa. Kuskure na da sauƙi, kuma idan ya faɗa kan matar da ke sayar da atamfa da turare ta shafinta, shagonta aka rufe. Masu cinikin da ta tara shekara da shekaru sun watse, ga shi babu ofishin da za ta je ta yi kuka.

Akwai kuma ɓarayi a cikin lamarin. Wani saƙon yakan zo da mahaɗi, "danna nan ka kai ƙara", sai a nemi lambar sirrinka. Ƙarar gaskiya a cikin manhajar ake kai ta, ba a tambayar lambar kowa.

Idan kuwa da gaske wani ya yi kalaman ƙiyayya ga wata ƙabila ko ya tunzura a far mata, ƙasar nan tana da doka. Gyaran da aka yi wa kundin laifuka ranar 24 ga Disamba 2019 ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa dubu 300 zuwa miliyan 3, kuma ana ninka hukuncin idan mai laifin jami'in gwamnati ne ko jagoran jam'iyya ko na addini. Sai dai kotu hujja take nema. Masu rige-rigen a rufe shafi sukan manta da haka: ranar da rubutun ya ɓace, wanda bai ɗauki hotonsa da kwanan wata ba, ba shi da abin da zai ajiye a gaban alƙali.