Wai Me Zoɓo Ya Yi Mana Ne?

Yau na ɗan jingine labarin da muke ciki, don akwai maganar da ta tsaya mini a maƙoshi.

Kwanan baya na karanta littafin wata ƙanwata a rubutu, inda Alhaji ya kai amaryarsa Faris, aka dire musu jan ruwan inabi da gasasshen naman rago. Shafi guda ta ci tana yabon ƙamshinsa. Da suka dawo Kano kuwa, sai lemon kwali. Zoɓo sau ɗaya ya fito, a hannun 'yar aiki. Haba jama'a!

Kada a ce na zo tallar giya. Haram ce, ba ma sha. Abin da ya dame ni shi ne yadda Faransawa suka san darajar nasu. Tun 1855 suka jera manyan gonakin inabin Bordo daraja-daraja. Sun san wanda ke da ɗan bauri, sun ce shi ya dace da jan nama, don baurin yana yanke maiƙo. Mu fa?

A karkarar Dambatta na tashi, inda gona ke manne da gona, yakuwa ce ake jerawa a kan iyaka. Da damina mu ci ganyenta a miya da fate, da kaka mu ɓare zoɓon mu shanya, gurguzun kuma a yi daddawar batso. Wannan zoɓon ne ake lodawa buhu-buhu a kasuwar Dawanau har Meziko. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, a Senegal bisap, ba sa jin kunyar miƙa wa baƙo.

Kuma zoɓo ba ɗanɗano ɗaya gare shi ba. Baƙi-baƙin ya fi kauri da launi, mai haske ya fi tsami. Citta da kanumfari na ba shi zafi da ƙamshi, ɓawon abarba ya tausasa shi, mazarƙwaila ta fi farin sukari zama a jikinsa. Mai tsami da citta, kawo shi gaban tsire ko balangu ko gurasa mai ƙuli, ka ji yadda yake wanke maiƙo a baki. Da waina ko ƙosai a buɗa-baki, sai a rage yajin. Da alkaki ko dubulan, a ja hannu da sukari, zaƙi ba ya son kishiya. Amma kada ki haɗa shi da miyar yakuwa, tsami kan tsami ne, ko ki ɗora shi a kan fura da nono.

Za a ce ai masu karatu rayuwar masu kuɗi suke so. To wa ya koya musu cewa arziƙi a kwali yake? Mu ne. Yarinya ta karanta, ta yi aure, ta ji nauyin ba dangin miji zoɓo. Ko ta dafa, sai ta danne shi da garin filebo har a kasa gane yakuwar. Manomin da ya shuka kuwa ya sayar da arha, ya sayo wa baƙonsa lemon kwalba.

Ni dai a littafina mai zuwa, Hajiya da kanta za ta zuba wa minista zoɓo a kofin gilas. Mai jin haushi ya rubuto, ina nan.