Mu Koyi Larabci: Guzurin Maniyyaciya

Wannan watan maganarmu da ke ce mai shirin sauke farali. Kafin ki kama hanyar sansanin alhazai na Mando, ki tanadi 'yan jimloli a bakinki kamar yadda kika tanadi yaji da garin kunu, domin ranar da kika ɓace wa 'yan rukuninku a Mina, yaji ba zai tambaya miki hanya ba.

Kada nahawu ya tsorata ki, rabinsa kin tashi da shi. Balarabe kan ce wa namiji "kaifa haluka", mace kuma "kaifa haluki", wato yaya kake, yaya kike. Kin ga ka da ki ɗinmu ne. Haka "yaktubu", yana rubutu, "taktubu", tana rubutu. Idan kuma kanki kike siffantawa, ki ƙara "a" a ƙarshe: maigida zai ce "ana marid", ke ki ce "ana marida", ba ni da lafiya.

"Aina" ita ce ina. "Aina hammam?", ina banɗaki? "Ainal mustashfa?", ina asibiti? Ruwa kuwa a littafi "ma'u" ne, amma a titin Makka "moya" za ki ji.

Sai kasuwa, inda na san ba za a bar mu a baya ba. "Bikam haza?", nawa ne wannan? Ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in duk daga Larabci muka aro su. Inda gizo ke saƙar shi ne su da ƙaramar lamba suke farawa. "Hamsa wa ishirin" biyar da ashirin ke nan, wato 25, ba 52 ba. Idan kin yi shakka, miƙa masa waya ya danna miki lambar.

Wajen furuci ki kula da ƙ da k. "Ƙalbi" zuciyata ce, "kalbi" karena. Mu dai mun yi sa'a muna da ƙ, ko da yake ta Larabawa daga can maƙogwaro take fitowa. Ki sa malamarku ta Islamiyya ta furta miki, ko ɗiyarki mai zuwa hadda, ki riƙa maimaita jimla biyu kullum kina kan girki.

Wata mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda za ki yi wa likita bayanin inda ke miki ciwo.