Sansani Daban, Bariki Daban: Mu Koya Wa Yara Bambancin

Kwanan baya a aji, nan Babankatami, wani ɗalibina ya tambaye ni: "Malam, in rediyo ta ce an kafa sansanin soja, sun zo zama ke nan?" Na ce masa a'a. Amma na san manya da dama haka suke ɗauka.

A Hausa, sansani wurin da mayaƙa ke sauka ne kafin su tashi. Sarkin yaƙi ya kafa laima, a yi shawara, a raba aiki, gobe a tashi. Kalmar ta yi tafiya har ta zama sunan gari, kamar Sansane Hausa a jihar Tilaberi da Sansane Mango a Togo. Ribaɗi kuwa na zama ne: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi, mutane na noma suna tsaron iyaka, kuma can aka binne shi a 1837. Bariki aro ne daga Turanci, gidan soja na dindindin. Hedikwata ita ce inda umarni ke fitowa, kamar ta yankin tsaro na 4 da ke Tawa. Abin da sojojinmu ke kira PC da Faransanci kuwa, wurin da kwamanda ke ba da umarni ne a fagen daga, yana bin rundunar duk inda ta nufa.

Wani zai ce wannan gardamar malamai ce kawai. Ban yarda ba. Manomin da ya ji "sansani" ya zaci bariki ne, zai koma gonarsa ta nesa da iyalinsa, alhali masu tsaron na iya tashi bayan mako biyu. Ga shi kalmar ta ɗauki wani kaya: ƴan gudun hijirar da suka tsallako daga Najeriya zuwa Bangi, a gundumar Madawa, su ma "sansani" ake ce wa mazauninsu.

Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. To, nauyi ya hau kanmu. Malamai, mu ware darasi guda mu jera waɗannan kalmomi biyar a allo, kowace da misalinta. Iyaye, in labari ya zo, ku tambayi mai kawo shi: sauka suka yi, ko zama?